Agogon Malam Bai Je Sama Ba

Tun da muka dawo daga Akra ban huta ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kayan miya a kasuwar Wunti ta nan Bauchi sai da ya tsayar da ni ya ce, "Hajiya Ladidi, an ce kun kai agogo duniyar wata?" Ku ji fa, wai duniyar wata. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wanda ya sake tare ni a hanya, takarda zan miƙa masa.

Agogon na mahaifinmu ne, Malam, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi ladanci a masallacin layinmu na Ƙofar Wambai tun kafin a haife ni. Agogon hannu ne irin na da, ba ya cin batir, sai an murza ɗan maɓallin gefensa kullum, in aka yi fashi ya tsaya. Ranar da aka kai Malam makwancinsa Inna ta ɗauke shi, kuma daga ranar ba ta taɓa bari ya tsaya ba. Yanzu idonta ya tafi, ba ta ganin ko lambobinsa. Amma in ta sallame sallar asuba sai ta laluba ƙarƙashin matashi, ta murza shi, ta kara a kunne. Duk gidan mun san abin da wannan ƙaran yake a wurinta, ba mai taɓa shi.

Sai Yaya Bala, babban wanmu. Ya yi ritaya daga aikin safiyo, yana zaune a unguwar Ɗan Iya, kuma ba shi da ciwon da ya wuce agogo. Shi da amininsa Baban Ngozi, Ibo ne mai shagon kayan gyaran mota da ya tsufa a Bauchi, suna cikin wani zaure na waya inda masu irin ciwonsu daga ƙasashe daban-daban suke kwana suna tashi a kan agogo. A nan suka ji cewa wani hamshaƙin attajiri a ƙasar waje ya ƙera kumbo na kansa, yana kai masu hali sama su leƙa su dawo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kama kujera zai tafi da ɗan akwatin tsofaffin agoguna, kuma mutanen Akra ne za su zaɓi guda daga wannan yanki namu.

Da Yaya ya zo ya durƙusa gaban Inna da wannan zance, wallahi har na gyara ɗaurin zanina don rigima. Ya ce mata mutanen nan sun fi kula da agogo a kan 'ya'yansu, ba za su bar shi ya tsaya ba. Inna ta ce, "A kai shi." Na ce, "Inna!" Ta ce, "Ke za ki bi yayanki. Ke za ki riƙe, ke za ki murza, har ku isa." Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ni dai na ɗauka kunyarsa ce ta hana ta ƙi, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ana gobe tafiya ta aike ni wurin mai gyaran agogo a Wunti. Ta ce ba za a shiga da kayan Malam gaban manyan mutane da dauɗa ba. Aka cire gilashin da ya sha karce aka sa sabo, aka goge jikinsa har yana ɗaukar ido, aka yar da tsohuwar fatar da ta ruɓe da gumi aka sa sarƙa ruwan zinare. Ina tsaye a kan mutumin don kada ya tsayar min da shi. Inna ta shafa ta ji santsi, ta naɗe shi a farin hankici da ɗan turare, ta ce kada in ba yayana sai mun isa, don zai yi ta wasa da shi a hanya.

Za ku ce me ya hana mu hawa jirgi. To, ku riƙe bakinku. Yaya Bala, mai kare masu zuwa sama ba ji ba gani, tsoron jirgin sama yake yi. Ko aikin Hajji sai da aka ba shi maganin barci. Don haka mota muka bi, ni a tsakiya, Yaya da Baban Ngozi a gefe da gefe, kuma tun kafin mu kai Toro suka soma musu.

"Oga Bala, wannan kuɗi da suke ƙonawa, in sun kawo Bauchi, ruwa zai shiga kowane gida," in ji Baban Ngozi.

Yaya ya ce, "Wayar da ke hannunka, wa ke nuna mata hanya? Ba abin da aka harba sama ba?"

"Wannan na'ura ne, aiki yake yi. Ni ƙaton mutum nake magana, ya je yana juyi kamar ƙosai a mai, ya dawo ya ce a tafa masa."

Haka suka yi ta yi. A Jos sanyi ya kama ni, suna yi. A Lokoja na sayi soyayyen kifi na cusa wa kowa a hannu ko bakinsu zai samu abin yi, suka cinye suka ɗora daga inda suka tsaya. Wata mata a kujerar gaba ta juyo ta tambaye ni ko gado suke rabawa. Da na gaya mata a kan abin da ake musun, sai ta tattara jakarta ta rungume.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, sai dai a cikin cunkoson motoci an yi min tallar ɗan kwikwiyo ta taga. Muka kwana gidan ƙanwar Baban Ngozi, mace mai kirki, ta share min ɗakin 'yarta, har ta tambayi maƙwabcinta Bayarabe inda gabas take don in yi salla. Da asuba na murza agogo, na kara a kunne kamar yadda Inna take yi, sai na ji ƙwalla ta zo min.

Da muka tsallaka iyaka muka shiga Kwatano, abin da ya fara ba ni mamaki mata ne a kan babur. Ba goyo aka yi su ba, su ke tuƙi! Na ga wata da jariri a baya, kwandon abarba a gaba, tana kutsawa tsakanin manyan motoci ko a jikinta. Na ce oh ni Ladidi, ni da ko a Keke Napep sai na riƙe ƙarfe. Burodinsu kuwa dogo ne kamar muciya, ga tauri, sai da na jiƙa shi a shayi kafin haƙorina ya shiga.

A bakin ƙasar Togo direba ya ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa guda, nan lokacinsu daban. Yaya ya miƙo hannu ya ce in kawo na Malam ya gyara. Na ce Allah ya kiyaye.

"Haba Ladidi, agogo ai lokacin inda yake yake bi."

"Wannan lokacin Bauchi yake bi, Yaya. In na duba shi na san abin da Inna take ciki."

Ya yi tsaki ya ƙyale ni. Na tura hankicin can cikin rigata.

A iyakar Gana ne aka kusa a kwana da mu. Baban Ngozi, don tsoron ɓarayi, bai sa agogunansa a jaka ba. Ɗaura su ya yi a hannu biyu, daga wuyan hannu har gwiwa, ya saki hannun riga a kai. Ya miƙa fasfo ke nan riga ta zame. Jami'in ya ja da baya, ya ce mu shigo ciki. Na ce shi ke nan, an kama mu da fasa-ƙwauri a ƙasar mutane. Yaya ya shiga bayani, har ya kai ga zancen kumbo. Ai kuwa jami'in ya ajiye biro ya ce shi a ganinsa zuwa sama ɓarnar dukiya ce. Abokin aikinsa daga wancan tebur ya ce ƙarya ne, ci gaba ne. Ga layi a waje har bakin titi, su kuma sun kaure da musu, Baban Ngozi na tsaye da hannuwa a shanye yana ba na farkon gaskiya. Da ƙyar aka tuna da mu aka buga mana hatimi.

A Akra mun sauka a zango, unguwar Hausawa, gidan wata Hajiya Mariya wadda kakanta fataucin goro ya kai shi can bai dawo ba. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma da na ce daga Bauchi nake sai ta rungume ni kamar ta ga 'yar ɗakinsu. Hausarta ta ɗan karkace, tawa ma dariya take ba ta. Ta kawo min dokunu, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo, da kifi da baƙin yaji. Loma ɗaya na yi hawaye ya zubo. Da safe ta kawo koko da ƙosai, nan ne raina ya dawo jikina.

A layin bayanta na ji kiɗa, na leƙa na ga rumfuna, mutane cikin ja da baƙi suna rawa, ana ta rabon abinci. Na tambayi Hajiya Mariya ina amaryar, in sa albarka. Ta toshe min baki da hannu. Ashe jana'iza ce, kuma mamacin ya daɗe da rasuwa, ajiye shi aka yi har dangi su taru. Innalillahi. Na tuna Malam da ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Ta ce su ma maƙwabtan nata mamakin saurinmu suke yi, suna cewa kamar muna gudun mamacin.

Taron a gidan wani Mista Kwaku aka yi, shi ne shugaban masu son agogon a can, dattijo mai fara'a. Ya shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, bango duk akwatunan gilashi, agoguna jere kamar kwanukan amarya. Ba a taɓa su sai da farin safar hannu. Na matsa in duba ko azahar ta yi, sai na ga wannan ya ce safiya, wancan ya ce yamma, na kusa da shi ko motsi ba ya yi. Kusan duk a mace suke! Na tambayi Mista Kwaku da ɗan Turancina ƙarfe nawa, wallahi tallahi sai mutumin nan ya zaro waya daga aljihu ya duba. Na kalli Yaya, ya kawar da kai.

A wurin cin abinci aka buɗe musun da ya fi na mota. Wata likita ta ce ranar da aka nuna attajiran nan suna shawagi a talabijin, ita da fitilar waya ta karɓi haihuwa, don haka kada wanda ya ce ta yi murna. Wani injiniya ya ce ta yi haƙuri, da can kumbo sau ɗaya ake amfani da shi ya ƙone, waɗannan mutanen ne suka sa yana dawowa a sake hawa, in abin ya yi sauƙi ƙasashenmu ma za su aika nasu na'urorin su duba gonaki da ambaliya. Wani tsoho ya ce dukiyarsu ce, ba ta gwamnati ba, in sun ga dama su dafa ta su ci. Baban Ngozi ya buga tebur ya ce ba wanda ya tara irin wannan dukiya shi kaɗai, da gumin mutane a ciki. Yaya ya miƙe ya ce mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana kallon sama daga ƙasa, in yau ɗan Adam ya iya zuwa, shi ba zai zage shi ba ko wane ne ya biya.

Likitar ta dube su duka ta ce, "Mu da muke ɗaure da kuɗin haƙa rijiya a hannu, agogon ma ba ya tafiya, da wane baki muke zagin mai kumbo?" Baban Ngozi ya ja hannun rigarsa ƙasa.

Mista Kwaku ya juyo ya ce, "Hajiya fa, me ta gani?" Na ce ni tambaya gare ni, kwana nawa suke yi a can? Ya ce ba kwana, irin wannan tafiyar kafin shinkafa ta nuna sun sauko. Tabɗi! Na ce to me suke kawowa tsaraba? Ya yi dariya ya ce, "Labari."

Sannan aka ce kowa ya fito da agogonsa. Na zaro hankicin Inna na kwance a kan tebur, ƙamshin turare ya tashi, sarƙa na walƙiya. Ina jiran a ce masha Allah, sai na ji Yaya ya yi salati. Baban Ngozi ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Hajiya, wa ya yi wannan aiki?" Mista Kwaku ya sa wani ɗan gilashi a ido ya duƙa, ya ɗago a hankali kamar likitan da zai faɗi mugun labari. Ya tambayi ina tsohon gilashin, ina fatar. Na ce suna bola a Wunti. Wani a bayana har da nishi.

Ashe su karcen suke so. Dauɗar nan da gumin nan da muka biya aka kankare, su ne darajar abin a wurinsu. Tsohon da ya ce a dafa dukiya ya ce an kashe agogo. Kunya ta rufe ni, ga Yaya ya zauna ya kasa ko kallona.

Sai likitar ta ce a ba su labarin agogon tukuna. Ni na bayar, Baban Ngozi na gyara min Turanci. Na faɗi ladancin Malam, na faɗi Inna da matashinta, na ce tun ranar da aka binne shi agogon nan bai tsaya ba, kuma yanzu haka lokacin Bauchi yake nunawa. Mista Kwaku ya kara shi a kunne ya daɗe. Suka koma gefe suka yi shawara, suka dawo suka ce a kasuwa an gama da shi, amma ba su da agogo mai labari irin nasa. Shi suka zaɓa. Aka hau tafi, Yaya ya rufe fuska da hula yana kuka.

Aka kawo ɗan akwatin ƙarfe mai laushin ciki. Mista Kwaku ya ce za a rufe shi a buga hatimi, a aika ƙasar waje, ya jira watanni har ranar tashi, in ya dawo kuma a ajiye shi a gilashi mutane su riƙa zuwa gani. Na ce, "To wa zai riƙa murza shi?" Suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake. Na sake tambaya. Ya ce, "Babu kowa, Hajiya. Zai yi tafiyarsa a ciki har ya tsaya. Ba abin da zai same shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Da Hausa na yi magana, don ba da su nake ba. Na ce, "Yaya, kai ka durƙusa ka ce mata ba za su bar shi ya tsaya ba. Duba shi. La'asar ta yi a Bauchi, yanzu tana kan tabarma, kuma ka san inda hannunta yake zuwa in ta sallame sallar asuba." Agogon na tafin hannunsa, akwati a buɗe a gabansa, mutane na jira da wayoyi a sama za su ɗauki hoto. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya naɗe shi a hankicin da kansa, ya miƙo min, ya ba su haƙuri. Tun daga nan har muka shigo Bauchi bai sake zancen sama ba. Baban Ngozi ya yi ta tsokanarsa ko zai tanka, har da cewa ya canza ra'ayi, zuwa sama abu ne mai kyau, amma a banza.

Da hantsi muka isa Ƙofar Wambai. Na shiga da sallama ina jin kaina kamar wadda ta ceto yaro daga rijiya. Na durƙusa na sa wa Inna hankicin a hannu na ce, "Ga shi, Inna, bai tsaya ba ko sau ɗaya." Na kwashe labari na ba ta, har da akwatin da rashin mai murzawa.

Ta ce, "Wato ba ku kai shi ba."

Na ce, "Inna, tsayawa fa zai yi."

"Yo da ban san zai tsaya ba? Wa zai bi agogo sama yana murza shi? Makanta na yi, Ladidi, ba wauta ba." Ta juya fuska wajen ƙofa inda Yaya yake tsugune. "Mahaifinku ya yi shekaru yana hawa katangar masallaci, yana duban alfijir, yana neman jinjirin wata, har wuyansa ya ƙage. Na ce ko agogonsa ya je ya gano masa wurin. Shi ya sa na sa aka yi wa agogon wanka." Sannan ta ce, "Mai agogon ma ya tsaya, ban mutu ba."

Wallahi ban taɓa jin abin da ya daki ƙirjina irin wannan ba. Ni da na tsallaka ƙasashe ina gadin abu, ashe sallama ta yi da shi tun ranar da ta naɗe shi. Yaya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Matar ƙaninmu da ta kwana da ita duk kwanakin nan ta raɗa min cewa kullum da asuba sai Inna ta laluba ƙarƙashin matashi, ta daɗe da hannu a wurin, sannan ta janye.

Inna ta kwance hankicin, ta lalubo maɓallin, ta fara murzawa. Na ce, "Inna, na riga na murza shi yau da asuba."

Ta ce, "Ban tambaye ki ba."

Ta kara shi a kunne, ta rufe idon da ba ya gani, ba ta sauke hannun ba har aka kira azahar.